Tambaya da Amsa: Ficewa Daga ECOWAS 'Yanci Ne?

Tambaya: Malam, shin ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ita ce cikakken 'yancin kai? Daga wani ɗan kasuwa a Illela, Jihar Sakkwato.

Amsa: Alhaji, fitar da sojojin Faransa daga Nijar, wanda aka kammala a Disambar 2023, mataki ne na ƙasa mai iko da kanta, amma da sauran aiki, tunda har yanzu ƙasashen uku suna kashe sefa, kuɗin da ke ɗaure da yuro. Kai shaida ne kan yadda rufe iyakar Illela da Birnin Ƙonni a 2023, sakamakon takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar, ya bar motocin kaya jere cikin rana, albasa tana ruɓewa, alhali talakawan da suka yi asarar, a ɓangarorin biyu, babu wanda ya nemi shawararsu.