Amsa ga Alhaji mai garejin fenti: tina, fetur da maganar madara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhaji, Allah ya ƙara girma, na ji tambayarka: yaranka suna kukan ciwon kai da jiri bayan feshin mota, yaya za a gane tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ta yi musu yawa, kuma ko madara tana wanke ta.

Madara ba ta wanke komai, Alhaji. Tururin tina ta huhu yake shiga jini, ita madara ciki take tafiya. Hanci ma ba ma'auni ba ne, yana sabawa. Yaron da ya ce ya daina jin wari, shi ya fi ba ni tsoro.

A fara da gwangwanin, a karanta abin da ke jiki. Tina yawanci toluwen ne da zailin. Fetur kuma, har ruwa-ruwan da ake sayarwa a kwalba, akwai benzin a ciki, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Sai a rubuta awa nawa kowane yaro yake feshi a rana, a fili ne ko cikin rumfa a rufe, kuma wa ke wanke hannu da fetur, don fata ma hanya ce. Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, mai tsugune gindin mota ya fi shaƙa. Zafin Afrilu da Mayu na Maradi kuwa ƙara tashinsa yake.

To batun awo, nan ake yawan kuskure. Fitsari ake aunawa don toluwen da zailin, amma a ƙarshen aikin yini ake ɗauka. In an bari sai bayan hutun Lahadi jiki ya riga ya fitar, takarda ta fito lafiya lau alhali ba haka ba ne. Kuma ranar kada yaro ya sha lemun kwalba, sinadarin adana shi yana iya ɗaga sakamakon awon toluwen. Mai hulɗa da fetur kullum, a yi masa ƙidayar ƙwayoyin jini, wadda likitoci ke rubutawa NFS, a adana takardar don a gwada da ta gaba. Masu gyaran takalmi da ke cikin wannan zaure, wani gam ɗin yana da hekzan, sinadarin da ke taɓa jijiyoyi. In yatsun ƙafa biyu suka fara mutuwa ko tsirawa kamar allura, a je asibiti da gwangwanin a hannu.

Takunkumin ƙyalle ba ya tare tururi ko kaɗan. Sai mai matacin gawayi, mai harafin A da zane ruwan ƙasa, kuma ya kama fuska sosai, gemu yana buɗe masa kafa. Da an ji wari ta cikinsa a canza matacin.

In yaro ya faɗi, a fito da shi iska, a cire rigar da ta jiƙe. In fetur ya haɗiya wajen zuƙar tiyo, don Allah kada a sa shi amai, huhu zai koma. Asibiti kai tsaye.