Me ya haɗa ƙasusuwan dainoso da rigimar filaye?

Tambaya: Malam, na ji an ce masu binciken ƙasusuwan halittun dā waɗanda suka zama dutse sun taɓa kai gwamnatin Amurka ƙara a kan fili. Ina ruwan masanin kimiyya da siyasar filaye? Daga wani ɗalibi a Kabuga, Kano.

Amsa: Ai kuwa yana da ruwa har da tsaki, domin ƙashin da aka tsinta ba a san inda ya fito ba, rabin amfaninsa ya tafi. Kafin mai bincike ya ɗaga ƙashi, sai ya auna gurbinsa, ya rubuta irin shimfiɗar dutsen da ke sama da ƙasansa, wadda ita ce ke nuna shekarunsa, sannan ya naɗe shi da tsumma da filasta kamar karyayyen hannu. Idan motar haƙar ma'adinai ta riga shi isa wurin, wannan bayani ya salwanta ke nan.

Ƙarar da ka ji ta shafi yankin Grand Staircase-Escalante da ke jihar Yuta, wanda Shugaba Bill Clinton ya keɓe a 1996 bisa wata doka ta 1906. Yanki ne mai arzikin ƙasusuwan dainoso, wato dabbobin dā da suka ƙare a duniya, kuma akwai kwal mai yawa a ƙarƙashinsa. A Disambar 2017 Donald Trump ya zaftare kusan rabinsa, ƙungiyar masanan ta garzaya kotu, amma kafin a yanke hukunci Joe Biden ya mayar da iyakokin a Oktoban 2021. Su ma masu adawa da keɓewar suna da hujjarsu, tunda kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar Yuta yana hannun gwamnatin tarayya, kuma suna ganin an toshe musu hanyar abinci ba da shawararsu ba.

A ganina, muhimmin abu shi ne wanda ya mallaki ƙasar. Wata dokar Amurka ta 2009 ta ce ƙashin da aka haƙo a filin tarayya na jama'a ne, sai da izini ake tono shi, kuma gidan tarihi yake zuwa. Na filin mutum kuwa kayan kasuwa ne, shi ya sa a 2020 aka yi gwanjon ƙwarangwal ɗin wani dainoso a kan dala miliyan 31.8.

Birnin Kano yana zaune ne a kan dutsen da ba ya adana ƙashi, amma a ƙasar Sakkwato an samo ƙasusuwan wata dabbar teku ta dā da aka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. A nan Najeriya, Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ma'adinai kuma na tarayya ne, saboda haka mai son kare irin wannan wuri ƙofa biyu zai ƙwanƙwasa.