Amsa ga Maman Hanif: jan fata da ƙuraje a wurin famfas

Maman Hanif, sannu da fama. Kin ce gindin yaronki ɗan wata biyar ya yi jawur, yana tsala ihu in kina wanke shi, kuma hoda ba ta yi aiki ba.

Ki ajiye hodar nan tukuna. Tana dunƙulewa a matsematsi, kuma in jariri ya shaƙe ta tana cutar da huhunsa.

Yawanci danshi ne ke jawo wannan. Fitsari da kashi in suka daɗe a jikin fata sai su ci ta, balle a zafin nan namu. Na san famfas ya yi tsada, shi ya sa muke jan sa har ya cika, amma ki daure ki riƙa canzawa duk bayan awa 2 zuwa 3, in ya yi kashi kuwa nan take. Ki wanke da ruwan ɗumi zalla, kar ki goga, ki danna tsumma mai laushi har ya bushe. Sannan ki bar shi tsirara a kan zane ya sha iska. Wannan ya fi kowane man shafawa aiki a wajena. Kafin ki mayar da famfas ki shafa Sudocrem ko Vaseline.

Don Allah kar ki sayo man shafawa irin su Funbact-A a kemis, akwai wani sinadari mai ƙarfi da ake kira sitiroyid a ciki da ke sirantar da fatar jariri.

In ya kwana uku bai lafa ba, ko jan ya shiga matsematsi da ƙananan ƙuraje kewaye, ko wurin yana fitar da ruwa, ko ga zazzaɓi, ki kai shi asibiti. Allah ya ba shi lafiya.