Furotin ɗin ƙwayar maleriya ya ƙi fitowa a E. coli: laifin kodon ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin digiri na biyu ne. Na saka jin ɗin (sashen DNA mai ɗauke da umarnin ƙera furotin) wani furotin na Plasmodium falciparum, ƙwayar maleriya, a cikin bakteriyar E. coli nau'in BL21 don ta ƙera shi, amma abin da nake samu bai taka kara ya karya ba. An ce mini matsalar kodon ce. To ai an koya mana cewa kodon daban-daban na iya kawo amino asid iri ɗaya. Ina bambancin yake? In sake rubuta jin ɗin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da aka koya maka gaskiya ne, sai dai da saura. Kodon, wato haruffa uku-uku na saƙon jin, guda 64 ne: 61 suna kawo amino asid 20, tubalan ginin furotin, uku na tsayawa ne. Alal misali, amino asid ɗin ajinin yana da kodon shida. Amino asid ɗin da za a ɗora ɗaya ne, amma lokacin da ribozom, mai ƙera furotin a cikin ƙwaya, zai jira kafin a kawo shi ba ɗaya ba ne. Ribozom kamar magini yake, tRNA kuma leburan da ke miƙo masa bulo: kodon da leburansa ba su da yawa, dole magini ya tsaya jira. Tun a 1981 Toshimichi Ikemura ya nuna cewa a E. coli, jin ɗin da ake yawan karantawa sun fi amfani da kodon da tRNA ɗinsu ke da yawa.

Kai kuwa ka haɗa halittu biyu da zaɓinsu ya yi hannun riga. Kusan kashi 80 cikin ɗari na haruffan DNA ɗin P. falciparum A da T ne, don haka ta fi son AGA wajen ajinin, tana kuma yawan amfani da AUA wajen amino asid ɗin aisolusin. Dukansu biyu E. coli ba ta cika amfani da su ba. AGA ɗaya nan da can ba ya hana aiki. Inda ake shan wahala shi ne idan biyu ko uku suka jeru, musamman kusa da farkon jin. A nan ribozom kan cije, wani lokaci ya zame ya karanta sauran saƙon a karkace, ko ya saki guntun furotin. Har wani amino asid, laisin, yakan shiga gurbin ajinin, ka ga furotin mai girman da kake nema a jel ɗin gwaji amma ba ya aiki daidai.

Duk da haka, kada ka yi saurin ɗora wa kodon laifi. A 2006 Mehlin da abokan aikinsa sun gwada jin 1,000 na wannan ƙwaya a E. coli: furotin 337 suka fito, 63 kacal daga ciki suka narke a ruwa. Girman furotin da rashin tsayayyen siffarsa sun fi kodon tasiri. A 2009 kuma Kudla da abokansa sun haɗa nau'i 154 na jin ɗin GFP, furotin mai koren haske, duk furotin ɗaya suke bayarwa, amma yawansa ya bambanta har ninki 250. Babban dalili shi ne yadda mRNA, kwafin jin da ribozom ke karantawa, ke naɗe kansa a wajen farawa, ya hana ribozom zama.

Saboda haka fara da gwaji mai araha. Ka fasa ƙwayoyin, ka raba ruwan da gurɓin da ya kwanta, ka saka kowanne a SDS-PAGE, jel ɗin da ke rarrabe furotin bisa girma. In furotin ɗin na cikin gurɓin, ana ƙera shi, naɗewa ce ta gagara. Sauke zafi daga digiri 37 zuwa 16 ko 18, ka rage IPTG, sinadarin da ke kunna jin ɗin, daga milimola 1 zuwa 0.1, ka bari ya kwana. In babu shi ko ta ina, ko guntaye kake gani, koma Rosetta, wani nau'in E. coli. Tana ɗauke da filasmid (ƙaramin zoben DNA) mai suna pRARE, mai ƙarin tRNA na AGA, AGG, AUA, CUA, CCC da GGA. Kar ka manta da maganin kuloramfenikol a abincinta, in ba haka ba filasmid ɗin zai ɓace. In Rosetta ta gyara, to lallai kodon ne.

Sai bayan wannan za ka kashe kuɗin sake haɗa jin. Kuma a ganina kuskure ne a mayar da kowane kodon zuwa mafi sauri don ma'aunin CAI, mai nuna yadda kodon jin suka dace da zaɓin ƙwayar, ya matso 1. Wasu wuraren jinkirin suna ba wani sashen furotin damar naɗewa kafin na gaba ya fito. A 2013 an hanzarta kodon na jin ɗin frq a naman gwarin Neurospora: furotin ya ƙaru, amma agogon yini na halittar ya lalace. Ka nemi a daidaita kodon yadda inda ke da jinkiri a Plasmodium zai ci gaba da jinkiri a E. coli, ka bar kodon goma zuwa goma sha biyar na farko da yawan A da T don kada mRNA ya naɗe, sannan ka tabbatar sabon jerin bai haifar da wurin yanka na enzayim ɗin da za ka yi amfani da shi ba.