Takardar Ɗaukar Aiki Ba Ta Hana Sallama a Amurka

Tambaya: Barista, na kammala digiri a fannin kwamfuta a Amurka, wani babban kamfanin fasaha a Kalifoniya ya ɗauke ni aiki. Labarin rage ma'aikata ya hana ni sukuni. Amma tunda mun sa hannu a takarda, ai ba za su sallame ni ba sai da laifi, ko? In sun yi, kotu za ta raba mu.

Amsa: Ƙanena, Allah Ya sa wa aikin albarka. Fargabarka tana da dalili: Meta ta sallami kimanin mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google kuma kimanin 12,000 a Janairun 2023. Sai dai takardar da ka dogara da ita, da wuya ta tsare ka.

A jihohin Amurka duka, ban da Montana, ƙa'idar ita ce aiki na ganin dama ne. Kamfani na iya sallamarka ranar da ya so ba tare da kawo dalili ba, kamar yadda kai ma kana iya ajiye aikin. In takardarka irin wadda aka saba ce, akwai sakin layi da ya faɗi haka. Koma ka duba. Ba na jin daɗin yadda kamfanonin nan ke binne wannan sharaɗi a ƙasan takarda alhali sun san matasa ba sa karantawa, amma doka ta yarda da shi.

Daga cikin abin da doka ta hana akwai kora saboda launin fata, addini, jinsi ko ƙasar asali, ƙarƙashin dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964. Irin wannan ƙorafi ana kai wa EEOC ne, hukumar tarayya mai yaƙi da wariya a wurin aiki, galibi cikin kwana 180, a Kalifoniya har 300. Amma idan an sallami dubbai rana guda, tabbatar da cewa kai aka ware yana da matuƙar wuya.

Akwai dokar WARN ta 1988, wadda ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 100 zuwa sama ya ba da sanarwar kwana 60 kafin babbar sallama. Sanarwa kawai take ba ka, ko kuɗin kwanakin, ba ta mayar maka da aiki. Irinta ta Kalifoniya kuwa sai wanda ya yi wata 6 a wurin take karewa. Kuɗin sallama ma dokar tarayya ba ta tilasta shi ba. Yawanci kamfani yana bayarwa ne ka sa hannu cewa ka yafe ƙara.

Inda na fi so ka sa hankali shi ne biza. In a kan OPT kake, wato izinin aiki na wucin gadi da ake ba ɗalibai baƙi bayan karatu, kwana 90 kacal aka ba ka na zama ba aiki, jimla, ko 150 in ka samu ƙarin na ɗaliban kimiyya. Mai H-1B, wato bizar ƙwararrun ma'aikata, yana da har kwana 60. Shari'a tana iya cin shekaru, kuma mai yiwuwa ka riga ka amince a takardar cewa mai sulhu ne zai saurari duk wata rigima, ba alƙali ba.

Saboda haka, in abin ya faru, kada ka sa hannu a takardar sallama a ranar. Nemi lokaci, ka sanar da ofishin ɗalibai baƙi na jami'arka cikin kwana 10, ka kai takardar wa lauya mai lasisin jihar. A teburin sasanci ana iya neman a tsawaita ranar barin aiki, ko da yake lauyan shige da fice ne zai duba ko hakan zai taimaki bizarka. Ana iya neman a yafe maido da kuɗin da aka ba ka lokacin da aka ɗauke ka aiki. Hannun jarin da kamfani ya yi maka alkawari amma wa'adinsa bai cika ba, akasari ya tafi.

Tun yau ka ajiye kwafin takardunka na kanka a imel ɗinka, ban da na kamfani, kada neman hujja ya jawo maka tuhumar satar bayanai.