Zawon kare ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: shin dashen ƙwayoyin hanji zai taimaka?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina da karen gadi a Barnawa, nauyinsa kamar kilo 20. Wata huɗu ke nan yana zawo. In na ba shi Flagyl sai ya tsaya, bayan mako biyu ya dawo. Na ji ana ɗura wa kare mara lafiya kashin lafiyayyen kare. Da gaske ne, kuma zan iya yi a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da gaske ne, ana kiransa dashen ƙwayoyin hanji, amma kada ka yi a gida.

A hanjin lafiyayyen kare akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani, su ke taya narka abinci, su sarrafa ruwan matsarmama, su hana miyagun ƙwayoyi samun wurin zama. Flagyl ba ya tantance na kirki da mugu, duka yake kashewa. Wani bincike a Amurka a 2020 ya nuna karnukan da aka ba wannan magani, kwana 28 bayan fara shi hanjinsu bai koma daidai ba, alhali na waɗanda aka yi wa dashe ya fi saurin daidaita. Don haka ka daina maimaita shi ba da umarnin likita ba. Dashen kuwa ba baƙon abu ba ne a aikin dabbobi: haka ake ɗebo ruwan tumbin lafiyayyar saniya a ɗura wa wadda ta daina tuƙa.

Kafin a kai ga dashe, a fara gwada kashin karenka a nemi tsutsar ciki da jiyadiya (wata ƙwayar cutar hanji mai sa zawo), a ba shi maganinsu. Sannan a sauya masa abinci zuwa nau'i ɗaya tak na mako biyu, ban da ragowar tuwo da miya, ban da ɗanyen kayan ciki daga kwata. Karnuka da yawa masu daɗaɗɗen zawo a nan suke warkewa.

In duk an yi bai tsaya ba, to babban aikin shi ne zaɓen karen da za a ɗauki kashinsa. Dole ya zama baligi, mai cikakkiyar rigakafi, wanda bai sha antibayotik ba aƙalla wata shida, ba shi da tarihin zawo ko amai, kuma ba ya cin ɗanyen nama. A gwada kashinsa a tabbatar babu tsutsa, jiyadiya ko salmonela (bakteriya mai sa zawo). Nan ne karnuka da yawa ke faɗuwa, domin kare mai yawon bola ko na farauta, komai ƙoshinsa a ido, yana iya ɗauke da cuta. In aka ɗura kashinsa, an ƙara wa mara lafiya wata cutar ce, kuma salmonela tana kama mutanen gida, musamman yara.

Likita zai auna sabon kashi gram 2.5 zuwa 5 a kan kowane kilo na nauyin mara lafiyar, wato gram 50 zuwa 100 ga naka. Ya dama shi da ruwan gishirin asibiti har ya yi ruwa-ruwa yadda zai bi sirinji, ya tace da rariya don kada gashi ko ciyawa su toshe bututu. A yi amfani da shi cikin 'yan awoyi, domin yawancin ƙwayoyin nan iska tana kashe su. Ana iya ajiyewa a firiza da gilisarin, sai dai inda wuta ke yawan ɗaukewa, narkewa da sake daskarewa na lalata shi. Sabo ya fi.

A fara zagayawa da kare mara lafiyar ya yi kashi. Sai a shafa wa siririn bututun roba mai, a tura ta dubura a hankali zuwa babban hanji, a ɗura sannu-sannu, a ɗan ɗaga ƙugunsa. Bayan nan ya kwanta awa huɗu zuwa shida, ba abinci ba yawo, don in ya yi kashi nan take aikin ya tashi a banza. Tura bututu da ƙarfi na iya fasa hanji. Wasu karnukan kan yi tusa, amai ko ɗan zawo kwana ɗaya ko biyu, ya wuce.

Game da sakamako, a Burazil a 2018 an gwada a kan 'yan kwikwiyo 66 masu cutar farbo (cutar bairas mai sa amai da zawo mai tsanani): waɗanda aka haɗa wa dashe da maganin da aka saba sun bar asibiti a kusan kwana 3, sauran kwana 6. A Suwidin a 2023, cikin karnuka 41 masu daɗaɗɗen ciwon hanji, 31 sun samu sauƙi. Amma a irin ciwon karenka, dashe sau ɗaya ba koyaushe yake isa ba. Akan maimaita kamar sau uku, da tazarar kwana 10 zuwa 20, kuma wasu zawon kan dawo musu in ba a gyara abincin ba.

Ka kai shi wurin likitan dabbobi da sabon kashinsa a leda mai tsabta, ka sa safar hannu wajen ɗiba. In ana buƙatar ƙarin gwaji, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. In kuwa ka ga jini a kashin, ko amai ba tsayawa, ko ya daina shan ruwa, kai shi a ranar.