Filin Tambayoyin Manoma: Sayen Dashen Sitiroberi Marar Ƙasa a Saiwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman albasa da tattasai a fadamar Argungu. Na ga ana tallar dashen sitiroberi wanda ake aikowa a ɗaure, ba ƙasa a saiwarsa. Ina son in shuka kadada ɗaya domin kasuwa. Nawa zan saya, kuma yaushe? Daga wani mai noman rani, Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawararmu ta farko, kada ka fara da kadada. Sitiroberi amfanin gona ne na wuri mai sanyi, shi ya sa a Najeriya ya fi karɓuwa a Filato, kamar ƙauyen Chaha kusa da Vom, inda tudu ya kai wajen mita 1,200. Ya fi jin daɗin zafin digiri 15 zuwa 26 a ma'aunin Celsius. Da ya wuce 30, fure yakan ragu, 'ya'yan su ƙanƙance. A Kebbi kuwa, watan Afrilu zafi kan haura 40. Ke nan hunturu kaɗai gare ka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma duk lissafinka a kansa zai tsaya.

Saboda haka ka ba da oda tun Yuli ko Agusta, ka yi sharaɗi a rubuce cewa kaya su iso ƙarshen Oktoba ko makon farko na Nuwamba. Dashen yakan ɗauki kamar wata biyu kafin ya fara ba da 'ya'ya. Wanda ya dasa a Janairu, bazara ce za ta ci masa jari.

Ka nemi iri da sunansa, kada ka karɓi "sitiroberi" kawai. Festival, Fortuna da Sweet Charlie an samar da su ne a Fulorida ta Amurka, ba sa buƙatar dogon sanyi. Idan daga waje za a shigo da shi, misali Masar, sai da izinin hukumar killace tsirrai ta ƙasa, wato NAQS, da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito. Ka tambayi mai sayarwa: sabon tono ne ko wanda ya kwana a ɗakin sanyi? Na ɗakin sanyi da zarar ya ji ɗumi ya farka, ba ya jiran kowa.

Ga lissafin. Kunya mai tudun santimita 25, layi biyu a kanta, santimita 30 tsakanin dashe da dashe. A haka kadada na cin 40,000 zuwa 55,000, gwargwadon faɗin kwarin da ka bari. Don gwaji, 1,000 sun isa: kunya biyar, kowace mai tsawon mita 30. Ka ƙara 100 don cike gurbin waɗanda za su mutu. Yawanci ana ɗaure su 25 a dami, sai ka ƙirga da dami.

Ranar da kaya suka iso, kafin ka cika kuɗi, buɗe kwali a inuwa. Saiwa mai lafiya tana da danshi, launinta kamar na bambaro, ba ta wari. Zaro biyar daga dami daban-daban, ka tsaga gindin kowanne, wato tsakanin saiwa da ganye, da reza. Ciki fari, lafiya lau. Ciki ja-ja ko ruwan ƙasa, ruɓar gindi ce, ba ta da magani, kuma za ta zauna maka a gona. Kada ka dasa shi.

Wani abu da ya shafe ka kai tsaye: kada ka sa shi inda ka yi tattasai, tumatir, gauta ko dankalin Turawa cikin shekara uku da suka wuce, domin cutar yaushi ɗaya suke ɗauka daga ƙasa. Kuma laka mai riƙe ruwa ba tasa ba ce. Nemi gefen fadama mai rairayi, ka zuba ruɓaɓɓen taki.

Tambaya: Idan kayan sun iso ban gama kunya ba fa? Kuma yaya ake dasawa? Daga wata mai lambu, Zuru.

Amsa: Hajiya, ki yi ƙoƙari kunya da ruwa su riga kaya isowa. In ya zama dole, ki bar su a ledarsu cikin firiji, ba wajen ƙanƙara ba, kuma nesa da ayaba ko mangwaro, don iskar da nunannun 'ya'yan itace ke fitarwa tana lalata su. Kada ya wuce 'yan kwanaki.

Ki dasa da la'asar. Jiƙa saiwar a bokiti kamar minti 30. Haƙa rami mai zurfin da saiwa za ta miƙe tsaye, kada ta lanƙwashe. In ta yi tsawo ki rage da almakashi. Inda aka fi yin kuskure shi ne gindin nan da ke tsakanin saiwa da ganye. Ya zauna daidai da fuskar ƙasa. Kika binne shi, zai ruɓe. Kika bar saiwa a waje, iskar hunturu za ta busar da ita cikin yini guda. Danna ƙasar da hannu, ki ba da ruwa nan take, sannan yayyafi sau da yawa a rana har kwana goma. Bayan ya kama, ki shimfiɗa bambaron shinkafa don 'ya'ya kada su taɓa ƙasa, ki riƙa yanke yaɗon da yake fitarwa, kuma ki dinga duba bayan ganye saboda jan ƙwaron nan mai kama da gizo-gizo, wanda ke yawaita lokacin ƙura.